Barau a Ƙasar Teloli

Jiya na yi wani mafarki, kuma abin kunyar shi ne ba da dare na yi shi ba. Bayan azahar ne, a kan tabarma a zauren gidanmu, da ɗanwake a cikina da wata takarda a ƙarƙashin kaina. Sai na fara gaya muku zancen takardar, in ba haka ba za ku ce zafi ne ya taɓa ni.

Sunana Ilu. Shekara ashirin da shida ina ɗinki a kasuwar Bakori, kowa Ilu Tela yake ce mini. Sunan mahaifina Barau. Ku lura rubutawa na yi, ban faɗa ba, don ba a gidan da ɗa yake kama sunan ubansa gatsal aka haife ni ba. Gyartai ne, wato mai ɗinke ƙwaryar da ta fashe. Ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, bai bar gona ba, bai bar ko tunkiya ba, sai suna, kuma sunan nan shi ne a takardun makarantar 'yata Sahura. Watan jiya ta je jarrabawar shiga makarantar koyon jinya a can kudu. Mai kiran suna ya ɗaga takarda a gaban mutum ɗari uku, ya gyara murya, ya ce, "Sahura Ɓarawo." A duk Hausar duniya wannan kalmar kaɗai mutanen can suka haddace. Ɗakin ya kwashe da dariya, wadda ke kusa da ita har ta janye jakarta.

Ta dawo gida ta ce ita ta gama da sunan, kuma ta samo madadinsa a saman shagona. Mai rubuta mini allo, wanda turancinsa da nawa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ya so ya rubuta tela da boko sai ya rubuta TAYLOR. Shekara tara allon yana rataye ina taƙama da shi. Sahura ce ta gaya mini wannan ba sunan sana'a ba ne, sunan dangi ne na Turawa. Ta buɗe waya ta nuna mini jerin masu shi, alƙalai da malaman jami'a da 'yan wasa da garuruwa da tituna, har da wani tafki da wani dutse.

"Baba, dubi yawansu," in ji ta. "Kuma babu wanda aka taɓa janye wa jaka."

Ta karɓo takardar canjin suna daga kotu, saura sa hannun uba, da safe ta mayar. Na ce ta bari in yi tunani. Ni kuwa duk tunanin da zan yi a kwance nake yin sa.

Sai na gan ni a bakin iyakar wata ƙasa, da keken ɗinkina a hammata. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Mutane sun kifar da lemarsu sun tsaya a ciki, kawunansu a bushe. Abin da ya fi damuna ba ruwan ba ne, ƙafar wandunansu ce, babu wadda aka kalmasa.

A ƙofar shiga akwai tebur, a bayan teburin akwai akuya da tabarau da hatimi. Ba ta ɗago ba.

"Suna?"

"Ilu."

"Ilu wa?"

Na dubi ƙasa kamar yadda ya kamata. Can na ce, "Ilu Tela."

Ta miƙe tsaye a kan ƙafa biyu ta buga hatimi. "Barka da dawowa gida, Malam Taylor."

"Ai ban taɓa zuwa ba."

"Haka kowa yake cewa, har waɗanda aka haifa a nan. Mene ne wancan a aljihunka?"

Na sa hannu na ciro sunan mahaifina. An naɗe shi gida huɗu, yana da ɗumi, yana ƙanshin taba gari. Ban yi mamaki ba, na dai ji kunyar ganin sa a fili.

"Ba a shiga da suna biyu," in ji akuyar. Ta karɓe shi da leɓe ta ajiye a faranti. "Je ka zaga gari. Za a kawo maka babban littafi ka sa hannu. Da la'asar muke cin abinci a wannan ofis, sai in cinye wannan, kowa ya huta."

"In kuma na fasa?"

"Ba a taɓa fasawa ba. Mai bi masa."

Mai bi mini wata bishiyar tsamiya ce, ita ma Taylor.

Sai ga ni a cikin mota. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana cewa, "Taylor, Taylor, saura mutum ɗaya." Na tambaye shi wace Taylor ɗin, ya ce duk wadda ta fara isowa. A ƙasar nan mota tsayawa take yi, garuruwan ne suke zuwa su wuce ta gabanta. Taylor ta Arewa ta ɓullo daga kudu, ta yi sallama ta wuce. Taylor Babba ta zo, gida uku ne da rijiya. Taylor Ƙarama ta ɗauki rabin sa'a tana wucewa, da jami'arta da filin jirginta.

Wanda ke zaune kusa da ni tafki ne, a cikin daro, an ɗora masa hula.

"Kai ma Taylor ne?" ya tambaye ni.

"Haka aka ce."

"To ka kula da wasiƙunka. Ni makon jiya aka kawo mini sammaci, wai na tuƙa mota babu lasin. Na je kotu na ce ni tafki ne, aka ce kowa da uzurinsa. Shekaranjiya kuma aka kawo mini takardar neman aure."

"Ka mayar?"

"Na amsa. Kai ma da ka ga rubutun da ka amsa."

Ya ce kifayensa kuma an kai wa wani farfesa, yanzu haka suna cikin ɗakin karatunsa, biyu har sun fara koyarwa. Ana cikin haka wata mata a bakin hanya ta ƙwala kira, "Taylor," tana neman mijinta. Duk wanda ke cikin motar ya waiwaya. Tafkin ya waiwaya ya jiƙa mini riga. Titin ma da ke ƙarƙashinmu ya waiwaya, sai ga motar tana kallon inda garuruwa suke tafiya maimakon inda suke fitowa. Direba ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Sai ga ni a wani babban ɗaki, bangonsa duk hotuna, a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta suna iri ɗaya. Masu hotunan suna zaune a ƙasa a jere. Babbansu alƙali ne, da farar sumar nan ta aro a kansa. Ya miƙo mini hannun hagu, don na dama yana riƙe da ƙugun wandonsa.

"Waɗannan su ne fitattunmu," ya ce. "Wancan shi ya ƙirga tsuntsayen ƙasar nan kaf, ya gano saura ɗaya. Na kusa da shi ya gano wani tsibiri, mutanen tsibirin suka yi masa godiya don sun daɗe suna neman inda suke. Wancan dogon ya ci tseren gudu shekara bakwai a jere."

"Da wa ya yi tseren?"

"Da Taylor."

Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni idona na sana'a ne, ba na ganin lambar yabo sai na gama ganin ɗinki. Mai tsuntsaye hammatarsa a ɓarke. Mai tsibiri ya riƙe aljihunsa da ƙaya. Mai gudu kuwa, na gane dalilin da ya sa yake gudu duk sanda mutane suka taru. Dutsen da Sahura ta nuna mini yana zaune a kujerar baya, rigar ciyawarsa ta yage tun daga wuya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk yawanku babu mai ɗinki?"

Alƙali ya yi ƙasa da murya. "An ce kakan kakanmu ya taɓa riƙe allura. Sunan ne ya iso gare mu, allurar ta faɗi a hanya. Kai ka iya?"

Na ajiye keken a gabansa. Wani tsoho a layin gaba ya fashe da kuka, wani ya tambayi keken sunansa. Alƙali ya cire wandon nan take ya miƙo mini, ya tsaya daga shi sai sumar aro da rigar shari'a. Na juya wandon na duba, sai bakina ya faɗi abin da ya saba.

"Ka zo gobe."

Ya ce to. Ya buɗe wata ƙofa a gefe, ya shiga, ya fito ta ɗaya ƙofar. "Na zo."

"Ai gobe na ce."

"Daga can nake. Ɗaki na biyu ne a hagu."

Shekara ashirin da shida ina aika mutane gobe, na aika ango, na aika mai jego, na aika limami sau uku a kan riga ɗaya, ban taɓa tsammanin wani zai je ya dawo ba. Na zauna na ɗora ƙafa a kan keke, kuma wallahi ban taɓa ɗinki mai daɗi irin wannan ba. Zare bai tsinke ba, allura ba ta karye ba. Na ɗinke alƙali, na ɗinke mai tsuntsaye, na sa wa mai gudu tazuge. Na hau tsani na ɗinke dutsen. Tafkin ya shigo da daronsa na kalmasa masa gaɓa ta yamma, inda yake yoyo.

Da na gama, mutanen nan suka saki ƙugunsu a karo na farko. Ba su san abin da za su yi da hannun dama ba, sai suka yi ta gaisawa da juna.

Aka kawo babban littafi, mutum huɗu ke ɗauke da shi. Alƙali ya buɗe shafin farko ya nuna mini layin sama, wanda aka bari babu komai.

"Nan ne wurinka. Sama da ni, sama da dutse. Za a kuma sa wa gari guda sunanka."

"Me za a sa masa?"

"Taylor."

"Da me ake kiran sa yanzu?"

"Taylor. Amma daga yau naka ne."

Ba zan yi muku ƙarya ba, kaina ya kumbura. Ni da a Bakori ko a ɗaurin aure sai an gama raba goro ake tunawa da ni, ga ni sama da dutse. Na hango Sahura tana shiga ɗakin jarrabawa ana matsa mata kujera. Na karɓi alƙalami. Sai na ji wata ƙara ta taga, ƙwas, shiru, ƙwas, shiru. Ƙarar basilla ce tana huda ƙwarya. Da ita na yi wayo, da ita nake barci ina yaro.

Sai ga ni a bayan ginin. Wani fili ne mai faɗi da benci dogo wanda ban ga ƙarshensa ba, tsofaffi zaune a kai kafaɗa da kafaɗa. Akuyar nan ta kawo teburinta nan, ga farantin a gabanta, tana wanke kofato a buta.

"Su wane ne waɗannan?" na tambaye ta.

"Masu sunayen da aka ajiye a ƙofa. Suna jira a kira su."

"Wanda kika cinye nasa fa?"

"Ba abin da ke samun sa. Mutuwa dai ya riga ya yi. Zama kawai zai ci gaba da yi, tunda babu abin da za a kira shi da shi."

Na bi bencin ina duba fuskoki. Can na gan shi, ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa, basilla a hannu, zare a baki. Yana sanye da shuɗiyar rigar da na fara ɗinkawa a rayuwata, wadda hannun hagunta ya fi na dama tsawo. Shekara goma ya yi yana sa ta zuwa Juma'a bai taɓa cewa komai ba, naɗe hannun kawai yake yi. Na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Baba."

Tsofaffin bencin gaba ɗaya suka ce, "Na'am."

"Ba ku ba. Baba nawa."

"Na'am."

Shi kaɗai bai amsa ba. Bai ma ɗago ba. Ya ciro zaren daga baki ya ce, "Bawan Allah, in ƙwarya ka kawo ajiye ta nan, ka zo gobe." A nan na gane inda na gaji abin.

"A nan sai da suna," in ji akuyar daga teburinta.

Na ce, "Malam gyartai."

"Sana'a ce."

"Mijin Iya."

"Kwatance ne."

"Kakan Sahura. Mutumin Bakori, na bayan marina, mai shuɗiyar riga."

"Ka gama? Ni yunwa nake ji."

Inuwar ginin ta tashi daga ƙasa ta karkaɗe jikinta ta koma ɗaya gefen, wato la'asar ta yi. Akuyar ta ɗaura adiko a wuya. Ta warware sunan a farantin, ta barbaɗa masa gishiri da ɗan yaji. Alƙali ya iso da mutanensa huɗu da littafin, alƙalamin kuma har yanzu yana hannuna. Na buɗe baki in kira, harshena ya ƙi. Shekara arba'in da tara yana ƙi, ba yau zai koyi rashin kunya ba. Ko a asibiti da aka tambaye ni sunan marar lafiya, ranar da muka kai shi, ƙanen abokina na tura ya faɗa.

Alƙali ya ga halin da nake ciki. Mutumin kirki ne, ga shi kuma wandonsa ya zauna masa daidai. "Bari in taimake ka, ni karatu sana'ata ce," ya ce. Ya sunkuya kan farantin ya gyara sumar aro. "Ɓa, ra, wo."

Tsofaffin bencin suka cire hulunansu suka cusa a aljihu. Na kusa da mahaifina ya ja takalminsa ya zauna a kai. Tafkin ya matsar da daronsa. Shi kuwa bai san da shi ake ba, yana ta huda ƙwaryarsa. Mutumin da mata suke bar wa ƙwaryar aurensu wata guda ba su ƙirga ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi wa mai kawo ɗinki ba.

Na ce, "Ba haka ake faɗa ba."

"Haka aka rubuta."

"Ba haka aka rubuta ba, kuma ba haka ake faɗa ba. Ku da kuka ƙirga tsuntsaye, harafi biyar ya gagare ku?"

"To yaya ake faɗa?"

Akuyar ta riga ta kama gefen sunan da haƙori. Na faɗa. Da farko a hankali ya fito, ruwan nan mai hawa sama ya ɗauke shi ya tafi da shi. Na cika ƙirji na sake faɗa, yadda na ji abokansa suna kiran sa daga ƙofar gida ranar kasuwa. Sunan ya zame daga bakin akuyar, ta ciji faranti.

Basilla ta tsaya. Ya ɗago kai a hankali ya dube ni, tun daga hula har ƙafa.

"Wane marar kunya ne wannan?" ya ce. Amma idonsa dariya yake yi. Ya ajiye ƙwaryar ya miƙe tsaye, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Kai ne? Haka na koya maka?"

Ya ɗaga dogon hannun rigar nan ya nufo ni, ban sani ba ko mari ne ko dafa kai, ni dai na miƙa kaina. Sai na ji shar, shar, shar.

Tsintsiya ce. Iya, mahaifiyata, tana sharar bakin zaure, ta iso daidai ƙafata ta tsaya. Sahura na bayanta da biro a hannu. Iya ta haura tamanin. Shekara hamsin ta yi da mutumin nan ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko kalmar bara ba ta faɗa, sai dai ta ce shekarar da ta wuce. Ni ma ba ta kama sunana, don ni ne na fari.

"Mai keke, wa kake kira?"

"Ba kowa, Iya. Mafarki ne."

"Na ji ka tun daga madafa." Ta jingina tsintsiyar da bango. "Tun ranar da aka fita da shi ban ƙara jin an faɗi sunan a gidan nan ba. Sake faɗa."

Na buɗe baki. A farke kunyar ta dawo da ƙarfinta, ko harafin farko ya ƙi fita. Ita ba za ta iya ba, ni ba zan iya ba, muka tsaya muna kallon juna, tsohuwa da ɗanta mai furfura. A duk gidan mutum ɗaya ke da wannan izinin, jikar da take hawa cinyarsa tana jan gemunsa tana ce masa mijinta.

Sahura ta dubi Iya. Ta ce, "Barau."

"Da ƙarfi, 'yar nan. Kunnena ya yi nauyi."

Ta sake faɗa. Iya ta gyaɗa kai sau biyu. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da share inda ta riga ta share, ta juya mana baya, ta daɗe a wurin. Sahura ta rufe biron ta soke shi a ɗankwali.

"Baba," ta ce, "ɗaga kanka daga takardar nan. Iya na neman abin kwashe shara."